Ruwan da Na Ba Baƙi

A ƙauyenmu da ke can bayan Dakko babu macen da ta kai ni iya gyaran ruwa. Ko waɗanda ba ma ga maciji da su sun san haka. Ruwan tafkinmu idan bazara ta kankama kalar kunun kanwa yake komawa. Shanu su shiga su sha su yi abin da za su yi a ciki, mata su yi wanki a gefe, iska ta kwaso abin da ke bayan gari ta zuba. Amma a ba ni wannan ruwan da hantsi, kafin la'asar zan miƙo miki shi kina hango zanen gindin kwano.

A Tsibiri na koya, wajen kakarmu. Za a tace ruwan da farin ƙyalle ninki biyu. Sai a ɓare busassun 'ya'yan zogale, a daka su lukui, a dama da ɗan ruwa a zuba cikin tulu, a juya da sauri, sannan a juya a hankali, a bar shi ya huta. Duk lakar sai ta kwanta a ƙasa. A tsiyaye na saman cikin randar da aka turara da kajiji, a jefa saiwar jema, a rufe da faifai. Wanda ya sha sau ɗaya sai ya nemi dalilin sake biyowa ta ƙofar gidan.

Mu biyu kaka ta zaunar ta koya wa, ni da taubashiyata, ɗiyar goggona. Ni ɗiyar namiji ce, ita ɗiyar mace, don haka tun muna ƙanana baiwata nake ce mata, ita kuma ta ce mini uwar ɗakin da ba ta ba da ko ƙanzo. Ban taɓa ganin mai son jiki irinta ba. Kaka na nuna mana yadda ake juya tulu, ita tana can tana wasa da akuya. Idan aka yi mata faɗa sai ta ce ruwa dai ruwa ne, cikin ciki ba a ganin kala. Ƙazama kaka ke kiranta har ta bar duniya, ko a jikinta.

Aure ya kawo mu ƙasar Bakura mu duka biyu, ni wannan ƙauye, ita wancan, tsakaninmu gonaki ne da 'yar fadama. Tafkinsu da namu ba wanda ya fi wani. Bambancin kawai, ni ana yabon randata, ita ana tsegumin tata, kuma na ji daɗin hakan shekara da shekaru.

Wata bazara da tsakar rana sai ga farar mota ta tsaya ƙofar mai gari, maza biyu da mace ɗaya, kowa da takardu a hannu. Ba a jima ba uwargidan mai gari ta faɗo gidana tana haki.

"Baƙi munka yi daga birni. Mai gari ya ce a kai musu ruwan nan naki, kar mu ji kunya."

Kaina ya kumbura. Na ɗauko kwanon shan da nake ɓoyo don surukai, na sake wanke shi ko da yake a wanke yake, na cika, aka kai wa mazan. Ita macen aka shigo da ita wurina, don ta ce da mata take son magana. Na shimfiɗa mata sabuwar tabarma. Muka gaisa, gida, aiki, gajiya, zafin rana, har muka ƙure gaisuwa. Ta kafa kai ta shanye kwano guda, ta sauke numfashi.

"Mama, wannan ruwan shi kuke sha a nan?"

"Shi muke sha, alhamdu lillahi."

"Kullum haka yake?"

"Kullum, da yardar Allah."

"Yara fa? Ba sa yawan gudawa ko ciwon ciki?"

"Lahiya lau suke, sai godiya."

A daidai lokacin 'ya'yan maƙwabciyata biyu na kwance bayan katangata suna zawo, ina ma jin nishin ƙaramar. Amma wa zai dubi baƙuwa cikin ido, tana zaune kan tabarmarsa, ya ce mata 'ya'yanmu na zawo? Mu ba a haka aka tashe mu ba. Ko gawa ce a ɗaki, aka tambaye ki gida, lafiya lau za ki ce tukuna. Ta ciro 'yar kwalba ta roƙi in ɗiba mata kaɗan. Na ɗauka daɗinsa ne ya sa take son guzuri, har na ce ta kawo babba. Ta rubuta wani abu a jikin kwalbar. A waje ma, na ji daga baya, mazan gari haka suka yi ta amsawa. Da aka tambaye su maganar masai suka ce ana cikin rufin asiri.

Daga wurinmu motar ta wuce ƙauyen su taubashiyata. Abin da ya faru can da bakinta ta ba ni labari a wani gidan biki, tana dariya har da riƙe ciki. Gidanta ne kusa da inda suka tsaya, shigowarta ke nan daga tafki, sai ta karkata tulu ta cika musu moɗa yadda yake, jajir, da 'yan ƙwari suna wutsil-wutsil a ciki. Matar ta duba ta ajiye.

"Na ce mata ki sha mana, ƙwarin ba su cizo, mu ma shi muke sha. Uwar ɗakina, da kin ga huskatta! Sai nij ja hannunta har bakin tabki, nig gwada mata inda shanu ka hitsari, nig gwada mata bayan gari inda kowa ka tsugunni."

Na ce mata ta zubar da mutuncin garinsu a gaban baƙi, kaka na kabari tana jin kunyarta. Matan da ke wurin duk suka goyi bayana.

Bayan damina, ranar wata Laraba, muka ji rugugi daga wajen hanya. Wata ƙatuwar mota ce mai dogon ƙarfe a bayanta, wata na biye da ita da bututu. Injin haƙa bohol. Gari ya ruɗe, tsofaffi suka fito da sanduna, mata muka leƙo ta zaure. Ni na fara rangaɗa guɗa, kuma tawa ta fi ta kowa tsawo, don a raina na gama yanke cewa ruwan da na ba su ne ya sa suka tuna da mu. Motar ta rage gudu a kwanar masallaci saboda rami. Direban ya ɗaga mana hannu. Sai ta miƙe ta bi hanyar fadama, muna tsaye muna kallon bayanta har ta ɓace. Ban san lokacin da guɗar ta mutu a bakina ba.

Mai gari ya shirya ya tafi Bakura jin ba'asi. Aka buɗe masa takarda aka ce ga shi nan, ruwan garinku an gwada shi mai kyau ne, kuma da bakinku kun ce ba ku da ciwo, akwai waɗanda suka fi ku buƙata. Ya dawo bai ce mini uffan ba, mutum ne mai kawaici. Matan gari ne ba su da shi. Idan na iso bakin tafki da tulu sai wata ta ce, "Ku ba ta hanya, mai ruwan birni ta iso." A kwashe da dariya. Wadda ta fi kowa dariya ita ce maƙwabciyata, wadda ke aikowa a sam mata ruwan randata duk ranar da surukanta suka zo.

Daga gonarmu ana hango tankin ruwan da aka kafa a garin su taubashiyata. Baƙi ne, a kan dogayen ƙafafun ƙarfe, da farantan sola a gefensa suna walƙiya. Idan na kai wa maigidana abinci gona sai in zauna in ba shi baya, amma ina jin sa a ƙeyata. Ba zan ɓoye ba, baƙin ciki na yi, irin wanda ke hana tuwo wucewa. Da wata aka ba, da sauƙi. Amma ita? Wadda ba ta taɓa wanke moɗa don Allah ba?

Abin bai tsaya nan ba. Da aka ce a kafa kwamitin mata masu kula da famfo, ita aka ɗora a kai, wai ba ta jin nauyin faɗin gaskiya. Aka kwashe su zuwa Talata Mafara aka yi musu bita ta kwana da kwanaki. Ta dawo da jaka mai rubutu da wani allo mai hotuna. Kowane gida a garinsu aka haƙa masai aka yi masa murfi. Ruwan da ke malala daga famfo ta ja shi da 'yar kwata zuwa bayan gidanta, ta shuka alayyafo da tumatir da albasa, rani tsaka lambunta kore shar. Matan garin da a da rabin yininsu ke ƙarewa a hanyar tafki suka koma yin ƙuli da man gyaɗa suna kaiwa kasuwa. 'Yan matansu suka koma makaranta da fararen hijabai. Awakinta suka yi ƙiba. Ita kanta ta yi fes, har wani haske ta ƙara, ni kuwa wuyana kullum yana ƙara shigewa cikin kafaɗa.

Wata rana sai ga ta a garinmu da allon hotunanta, wai an turo ta faɗakar da mata. Kuma don neman magana a tsakar gidana ta tara su. Ta tsaya tana nuna mana yadda ake wanke hannu da sabulu ko toka bayan an fito daga bayan gida, tana murza yatsu ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Baiwa, yaushe kika san hannu na da yatsa biyar?"

Ta ce, "Ranar da anka ba ni ruwan wanke shi, uwar ɗakina."

Mata suka yi shewa. Na yi dariya tare da su don wasan taubasai ba a fushi da shi, amma ranar ko ruwa ban ba ta ba, sai da ta roƙa. Akwai lokacin da na ji famfonsu ya lalace. Allah ya yafe mini, mako guda na yi ina cin abinci da daɗi. Sai suka haɗa kai suka kira mai gyara, ruwa ya dawo.

Duk wannan mai wucewa ne in da abin ya tsaya kaina. Sai ya taɓo yarinyar nan.

'Yar farina ce. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, ita ma Yaya take ce mini yadda ƙannena ke faɗi. Haka ake yi, uwa ba ta nuna ɗan fari. Amma akwai kwana arba'in da al'ada ta ba uwa, ba mai yi mata gori a kansu: haihuwar fari a gida ake yin ta. Yarinya ta dawo ɗakin uwarta, uwar ta dafa mata ruwan wanka safe da yamma, ta dama mata kunun kanwa, ta gasa mata jiki. A nan ne kawai zan taɓa ta da hannuna ba wanda zai ce na yi rashin kunya. Tun ranar da aka kai ta gidan miji a Talata Mafara nake jiran waɗannan kwanaki.

Da labari ya zo cewa tana da ciki, na fara shiri a ɓoye. Na tara itace bayan rumbu har ya fi ni tsawo, ina cewa na damina ne. Na yaɓe ƙaramin ɗaki. Na tanadi gero da kanwa da kayan yaji, na sa aka yanko mini rabin ganga ta dafa ruwa. Na lissafa watanni na ga haihuwar tsakiyar bazara za ta faɗo, lokacin da tafki ke komawa taɓo sai an yi tono a tsakiyarsa. Ga shi yanzu ba a sammakon zuwa saboda mutanen daji masu satar mutane, sai rana ta ɗaga an tafi a ayari. Na ce ko wuyana zai karye sai na cika gangar nan sau biyu kullum.

Cikin na wata bakwai uwar mijinta ta zo, ita da wata ƙanwarta. Na tara maƙwabta don a tarbe su. Na ba su ruwan randata, suka yaba. Muka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi kowa har kaji. Sannan uwar mijin ta gyara zama ta sunkuyar da kai.

"Dama wata 'yar magana ce. Yarinyar ta yi zazzaɓin taifot kwanan baya, ta sha wuya. A asibiti sun ja mana kunne ƙwarai kan ruwa, nata da na abin da za ta haihwa. Shi yaron cewa ya yi ta zauna Mafara. Ni ko na ce a'a, ba a yi haka ba, haihuwar hwari gida aka yin ta. To sai munka tuna tana da wata uwar nan kusa, mai hwamfo ƙohwar gida. Munka ce mu ji ta bakinki tukuna. In kin ce a kawo ta nan, nan za a kawo ta."

Ta ba ni dama, wannan ba zan yi mata ƙarya ba. Kalma ɗaya ce. In ce ku kawo mini ɗiyata, na iya ruwa, zan tafasa shi bayan na gyara, ba abin da zai same ta. Har na buɗe baki. Na ɗaga kai na ga idon maƙwabta duk a kaina, ana jira a ga ko zan nuna zalama kan 'yar fari.

Na ce, "Ai duk ɗaya ne. Ɗiyatta ce. Ni mi ya haɗa ni da ita?"

Aka yi ta sa mini albarka, wai na cika mai alkunya. Bayan sun tafi na zagaya bayan rumbu na tsaya gaban itacen nan, na daɗe. Washegari maigidana ya loda shi a amalanke tare da rabin gangar da geron ya kai gidan taubashiyata.

Ta haihu lafiya, mace. Na daure sai ranar kwana huɗu na je barka, don kada a ce na yi rawar jiki. Da la'asar na isa, na tarar ana wankan yamma. Gangata ce a kan murhu, itacena ke ci a ƙarƙashinta. Taubashiyata ta ja wani dogon tiyo daga famfo har tsakar gida, ta murɗa kawai, ruwa na zuba ba wanda ya ɗora gammo. Daga bayan zana tururi na tashi da ƙanshin ganyen darbejiya, ina jin ƙarar ganyen a jikin yarinyar.

"Inna, ya yi zahi! Inna, ki surka!"

"Yi haƙuri ɗiyata, saura kaɗan."

Inna. Na zauna a kan turmi. Aka miƙo mini jaririyar, tsaf da ita, tana ƙanshin sabulu. Na duba ta sama da ƙasa ina neman ko ƙurji ɗaya, babu.

Sai na shiga neman laifi a gidan, kuma na samu. Randarta. Wuyan ya yi kore da gansakuka, faifan rufin ya yi baƙi, moɗar na yashe a ƙasa. Wani daɗi ya ratsa ni. Ashe dai ƙazamar kaka tana nan. Na tuɓe mayafi, na zubar da ruwan, na dirje randar ciki da waje, na nemi garwashi na turara ta. Dama na ƙullo 'ya'yan zogale da saiwar jema a bakin zanena, ban ma san dalilin da ya sa na ƙullo su ba. Na tari ruwa a tulu daga famfon, na daka zogalen lukui, na dama, na zuba. Na juya da sauri, na juya a hankali. Na ja kujera na zauna ina jira.

Na leƙa, na koma na zauna. Na sake leƙawa. Garin zogalen da na zuba ne kawai ya kwanta a gindin tulun, fari sol. Ruwan kuwa yadda na tare shi haka yake.

Taubashiyata ta fito tana share hannu da zane, ta tsaya kaina.

"Uwar ɗakina, mi kike jira?"

"Laka nike jira ta kwanta."

Ta leƙa tulun, ta dube ni. Na shirya wa dariyarta, har na tanadi amsa. Ba ta yi ba. A hankali ta ce, "Babu ta."

Da ta yi dariyar da ya fi mini. Ta ɗauki saiwar jemar ta shinshina, ta ce in jefa wannan, don tun da yarinyar ta zo take cewa ruwansu ƙarfe-ƙarfe yake mata a baki. Na tsiyaye cikin randa na jefa. Da ya ɗan jima ita ta ɗiba, ita ta kai mata ɗaki. Ina daga bakin ƙofa na ji yarinyar ta sha ta tsaya, ta ce, "Yaya ta zo?" Aka ce mata na zo. Na leƙa na ce sannu da arziki, idona na kan bango. Ta ce yauwa, nata na kan tabarma. Iyakar abin da na samu daga kwana arba'in ɗina ke nan.

Da zan tafi taubashiyata ta rako ni har bakin famfo. Ta jawo wata sabuwar jarka ta cika ta taf, ta ce in tafi da ita, gobe ma in aiko, ruwan na kowa ne.

Na ce, "Bar shi. Muna da ruwa, alhamdu lillahi."

Sai da na kai tsakiyar fadama na ji abin da bakina ya faɗa. Na zauna gindin wata tsamiya na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da kaka ta rasu. Daga nan ban nufi gida ba. Na bi ta tafki, na tsinci wata kwalbar lemo da aka yar, na shiga taɓo har gwiwa, na cika ta daga inda shanu suka gama tattakawa.

Kwalbar tana nan a ɗakina kan kanta, tsakanin kwanonin da nake ji da su. Na gaya wa uwargidan mai gari, duk ranar da farar mota ta sake tsayawa, ni za a kira, kuma wannan zan kai musu ba tare da faifai ba. In sun tambayi lafiyar yara zan kama hannunsu gida gida. Damina uku ke nan ba su dawo ba. Na ji labari yanzu har randar taubashiyata ake yabo, wai ƙanshin jema take yi.

Ƙanwar yarinyar an sa ranar aurenta bayan salla. Na fara tara wani itacen bayan rumbu. Ita kuwa kwalbar, idan ta kwana lakar kan kwanta da kanta, saman ya yi haske kamar abin kirki. Shi ya sa kowace safiya, kafin in ɗora tukunya, nake ɗauko ta in girgiza.